Shak, Gansakuka da Dutsen Tsoho Yon

Wata shida na yi a ƙasar Aisland, kuma fiye da rabinsu na ƙarar ne wajen neman kalma ɗaya daga bakin wani tsoho. Takardar shaidar kwas ɗin da ya kai ni ba ta ba ni wuya ba. Yafiyar tsohon nan ce ta gagare ni, domin na yi masa ɓarna a gidansa, da hannuna, ina yi ina jin daɗin kaina.

Sunana Altine, ɗan masunta ne ni daga Goronyo. Na buɗe ido na ga mahaifina yana ɗinkin koma a bakin madatsar ruwa, kuma har yau bai ajiye ba. Ni na yi boko, na samu aikin bin masunta ina rubuta irin kifin da suka kamo, daga Goronyo har Wurno da Rabah. Da sunana ya fito cikin waɗanda za a tura koyon ilimin kifin teku, abokaina suka samu abin tsokana. Wai mutumin da babban ruwan da ya sani shi ne kogin Rima a tsakiyar damina, shi za a kai ya duba teku.

Zangon farko filin jirgin sama ne, kuma a nan aka fara raba ni da gida. Matata Asabe ta ƙulle mini kilishi da dambun nama a leda, ta naɗe da zanenta. Wata ma'aikaciya mai safar hannu ta kwance ƙullin a hankali, ta duba, ta ce ba a shigowa da nama. Ta jefa a kwandon shara tana ba ni haƙuri da murmushi, ta ninke zanen ta miƙo mini. Yaji da kuka kaɗai suka tsira.

Zango na biyu tashar mota ce a babban birninsu. Ina tsaye ina karkarwa cikin 'yar rigar sanyin da na saya a Sakkwato, sai ga wani baƙin mutum irina ya nufo ni da hannuwa a buɗe, yana cewa ɗan'uwa, ɗan'uwa. Wallahi sai da hawaye ya zo mini. Ya ce rigar nan tawa kashe ni za ta yi, ya jawo wata ƙatuwa daga jakarsa, ya ce ruwa ba ya ratsa ta, don ni nasa ne zai sallama mini. Na saya, har da yi masa addu'a. Ruwan farko da ya same ni a cikinta, ta sha ta ƙoshi ta riƙe mini shi a jiki. Lambar wayar da ya ba ni kuwa ba ta taɓa shiga ba.

Daga birnin mota ta ɗauke ni zuwa wani ƙauyen masunta a bakin teku, inda tashar bincikenmu take. Rabin yini muna tafiya, ban ga itace ɗaya da mutum zai fake a ƙarƙashinsa ba. Sai baƙaƙen duwatsu da wutar ƙasa ta amayar tun zamanin da, an lulluɓe su da wani abu ruwan toka mai kauri kamar tsohon bargo. Ban tambayi ko mene ne ba. Hankalina yana kan cikina da ke kuka da ƙafafuna da suka daskare.

Ƙauyen ba shi da laifi a ido, gidajen kwano ne masu fenti ja da shuɗi, amma ba kowa a waje. Ba mai shayi, ba majalisa, ba ko akuya. Ni kuma mutum ne mai baki. A gida kafin in isa ofis na gaisa da rabin gari, na tambayi gajiya da iyali da ruwa da kasuwa. A nan in na tsaya zan yi gaisuwa, sai mutum ya ɗaga haɓa, ya faɗi kalma ɗaya, ya wuce. Sauran 'yan kwas ɗin an rarraba su wasu garuruwa, ni kaɗai aka jefa nan. Akwai ranar da na lura tun safe har la'asar ban yi magana da kowa ba sai a cikin salla.

Tashar ce ta kama mini ɗaki a saman gidan wani tsoho mai suna Yon. Ya haura tamanin, dogo ne da ya ɗan rusuna, hannuwansa kamar na mahaifina, duk tabon igiya da ƙugiya. Matarsa ta rasu, shi kaɗai yake zaune. Ya yi aiki a jiragen kamun kifi na ƙasashen waje yana saurayi, saboda haka yana jin Turanci daidai gwargwado, ni ma haka, sai muka haɗu a tsakiya. Ranar da ya ga na shigo da rigar ɗan'uwana tana ɗiga, sai ya miƙe. Ya shiga ɗaki ya fito da wata rigar ulu mai nauyi da ta sha jiki, ya aza mini a kafaɗa. Sannan ya ɗauki waccan da yatsa biyu, ya kai ta waje ya rataye a shinge.

Tun daga ranar na samu mutum. In na taso daga tashar, sai in tarar da shi a kicin ya dafa gahawa, ya ajiye kofi biyu. Ba mai yawan magana ba ne, amma yana saurare, ni kuma abin da nake nema ke nan. Na ba shi labarin tarwaɗa da karfasa da giwan ruwa, da yadda ake zuba mamari, igiyar nan mai ƙugiyoyi da yawa, da albasar Wurno da ake lodawa a manyan motoci. Ya tambaye ni ko ruwanmu yana da gishiri. Da na ce a'a, har sha muke yi, ya girgiza kai ya ce to ai mu 'yan gata ne.

A bayan gidansa akwai wata rumfar katako da iska ke ratsawa ta ko'ina. A ciki yake rataye naman wani ƙaton kifin teku, irin shak, da suke kira hakarl. Sana'ar gidansu ce tun kakanni. Ɗanyen naman kifin guba ne, ko kare ya ci sai ya yi ta tangaɗi. Sai an yanka an danne shi a akwati makonni ruwan ya tsiyaye, sannan a rataye shi watanni iska ta gyara shi. Ranar da ya fara shigar da ni rumfar, warin ya buge ni har idanuna suka kawo ruwa. Ya yanko ɗan ƙanƙani a bakin wuƙa ya miƙo mini.

Na ce, “Baba, a garinmu in kifi ya kai nan, binne shi ake yi.”

Ya ce, “Mu ma binne shi muke yi da. Sai mu tono mu ci.”

Na yi bisimilla na haɗiye. Ya tsaya yana kallon fuskata, sai na ji ya yi dariya, karo na farko. Na haura sama na kawo yajin Asabe na barbaɗa a kan yanka na biyu, na ba shi ya taɓa. Shi ma idanunsa suka kawo ruwa, muka yi kunnen doki.

A tashar, malamar da ke kula da ni sunanta Hildur. A mako na uku ta ba ni aikin da zan kammala kwas da shi. Ta ce in ɗauki halittu biyu na ƙasar in kwatanta yadda kowanne yake rayuwa cikin sanyi: kifin hakarl, da wata gansakuka ruwan toka da ke fitowa a kan duwatsu. Ta ce ita ce na gani a hanya ta rufe ƙasa. Na yi dariya a raina. A ce an ɗauko ni daga Goronyo, an biya jirgin sama, don in zo in karanci gansakuka! A wajenmu gansakuka ƙazanta ce. Ita ake kankarewa daga gindin randa, daga cikin kwalekwale, daga bakin magudanar ruwan fadama. Ina yaro, in mahaifina ya shafa cikin jirgi ya ji santsi, ranar kunnena ne zai biya. Saboda haka na ture littafin gansakuka gefe, na rungumi na kifi.

Kifin kuwa ya shiga raina. A can ƙasan teku yake, inda hasken rana ba ya kaiwa, ruwan kuma ya kusa zama ƙanƙara. Yana iya kai tsawon kwalekwalen mahaifina, amma tafiyarsa ta fi ta tsohuwa nawa. Ba shi da ƙashi sai guringuntsi. Da yawansu wata 'yar tsutsa takan maƙale musu a ido har su kusa makancewa, sai su riƙa bin abinci da hanci. A shekara guda girman da yake ƙarawa bai kai faɗin ɗan yatsa ba, kuma masana sun ce yana iya yin shekaru ɗaruruwa. Na zauna ina lissafin cewa akwai kifin da ke ninƙaya a ƙasan ruwan nan tun kafin a haifi kakan kakana, shi kaɗai, cikin duhu, ba wanda ya taɓa ce masa sannu. Na ji tausayinsa, kuma na san tausayin kaina nake ji.

Yanzu ga ɓarnar. A tarbiyyarmu baƙo ba ya zama a yi ta yi masa alheri yana naɗe hannu. Na share wa Yon rumfa, na gyara masa ƙofar shinge, amma ban ji na biya rigar ulu da gahawa ba. A ƙarshen filin gidan, ta wajen da ke kallon teku, akwai wani dutse a tsaye, tsayinsa ya kai ƙuguna. Gansakuka ta rufe shi ruf, ta yi kauri har hannu yana nutsewa a ciki. Kullum in na gan shi sai in ce, kai, tsufa ba daɗi, mutum ya kasa tsabtace gidansa.

Wata Asabar ya tafi gari sayayya a motarsa. Na ɗauko shebur da wuƙa da buroshin ƙarfe daga rumfa, na duƙa. Gansakukar tana tashi falle-falle, ba ta da saiwa ko ɗaya, abin har daɗi. Da na kai tsakiyar dutsen sai na ga rubutu a sassaƙe. Na ƙara ƙaimi, na bi kowane harafi da bakin wuƙa, na kawo ruwa a bokiti na wanke. Suna ne, Einar, da lambobin wasu shekaru guda biyu a ƙasansa. Na ce lalle yau na yi aiki, na tono wa tsoho tarihin da ya ɓace masa. Na tattara abin da na kankare na zuba a gindin shinge, na wanke hannu, na tsaya a bakin ƙofa ina jiran yabo.

Ya fito daga mota da leda a hannu. Na ce, “Baba, zo ka ga abin da na yi maka.”

Ya biyo ni har ya hango dutsen, sai ya tsaya. Ledar ta zame daga hannunsa, dankali ya watse a ciyawa.  Sannan ya juya ya shiga gida, ya rufe ƙofar kicin, ƙofar da ban taɓa gani a rufe ba. Na tsince dankalin ɗaya bayan ɗaya, na ajiye a bakin ƙofa, na ƙwanƙwasa. Bai buɗe ba.

Ranar Litinin na ba Malama Hildur labari. Ta cire tabarau ta dafe goshi. Ta ce Einar ɗansa ne, shi kaɗai suka haifa. Ya fita teku da jirgi fiye da shekara talatin da suka wuce, ba a ga jirgin ba, ba a ga gawa ba. Dutsen nan shi ne abin da suke da shi a madadin kabari, kuma duk ƙauyen an san ba a taɓa shi.

Ta ce, “Altine, ka buɗe littafin da na ba ka kuwa?”

Na ce ban kai wajen ba tukuna.

Ta ce, “Abin da ka cire da safe ɗaya, ya girme ka ko ya kusa.”

Na fita bakin teku inda waya ke kamawa na kira mahaifina. Ina jin muryarsa, da kukan zakara a bayansa, sai na gaishe shi.

Ya ce, “Altine, mi yaf faru? Muryakka ba daidai take ba.”

Na ce na ɓata wa mai masaukina rai, na kankare masa gansakuka.

Ya ce, “Gansakuka? Don gansakuka shika hushi? Waɗanga mutane lahiya suke?”

Na gaya masa sauran. 

Ya ce, “Wagga ba gansakuka ta ba. Kushewa kat tona, ɗana. Ka samu dattijo shi kai ka, ka duƙa, ka roƙe shi. Kak ka baro ƙasag ga da haƙƙinai bisa kanka. Ka ji mi nic ce?”

Na ce na ji, Baba.

Neman dattijo a ƙauyen nan shi ne aiki. Ba liman, ba mai unguwa, ba wani da na sani sai Malama Hildur, ita kuma ba ta kai arba'in ba. Na roƙe ta ta je ta yi mini kamun ƙafa. Ta dube ni kamar na ce ta je ta nemo mini aure. Ta ce a nan ba a aika mutum, in ka aika wani sai a ce kai ne ba ka da ƙarfin halin zuwa. Na je da kaina. Na tare shi a bakin rumfa, na cire hula, na durƙusa a kan jiƙaƙƙiyar ƙasa. Ya ce, “Tashi, za ka jiƙa wando.” Ya ratsa ta gefena ya wuce. Na rubuta takarda na zura ta ƙarƙashin ƙofa. Na dafa miyar kuka da kifi na ajiye masa, washegari na tarar da kwanon a wanke a kan matakala, ban san ko ci ya yi ko zubarwa ba. Bai kore ni ba, bai kai ƙarata ko'ina ba, injin ɗumama ɗakina bai taɓa mutuwa ba. Magana ce kawai ya ɗauke, da kofi na biyu.

Sai hunturu ya shigo. Rana takan leƙo dab da azahar, ta yi rarrafe a gefen sama, kafin ka idar da la'asar ta koma. Na riƙa bin lokutan salla da agogo kamar mai shan magani. In je tasha cikin duhu, in dawo cikin duhu, in hau matakala a hankali ina jin motsinsa a ƙasa, yana jin nawa a sama. Kaɗaici ya kama ni sosai, ba na jin kunyar faɗa. Na kan kira Asabe ba don ina da magana ba, sai in ce ta ajiye wayar a tsakar gida in ji dakan maƙwabta da hayaniyar yara. Ta ce, “Kai ko, mutane na can suna ganin duniya, kai kana sauraren turmi.” Na ce ta bar ni da turmina.

A lokacin ne na buɗe littafin gansakuka, kuma na karanta shi kamar mai karanta takardar tuhumarsa. Wannan ba irin tamu ta cikin ruwa ba ce mai santsi. Tsiro ne na gaske, mai ƙananan ganye, amma ba shi da saiwa, daga ruwan sama da raɓa yake sha. Ita ce take fara sauka a kan ƙonannen dutse inda ba abin da zai iya rayuwa, ta zauna, ta mutu ta ƙasa tana tsiro ta sama, har ta tara ƙasar da wani tsiro zai samu wurin tsayawa. Girmanta a shekara shi ma bai wuce faɗin ɗan yatsa ba, daidai da kifin. In mutum ya taka ta da takalmi, sawun yakan yi shekaru bai goge ba.

Na fara rubuta kwatancen, kuma ya zo da sauƙi fiye da yadda na so. Su biyun sun ci sanyi ne da rashin gaggawa, ba mai sauri a cikinsu, shi ya sa abin da aka ɓata musu ba ya gyaruwa a rayuwar mutum ɗaya. Amma kifin yana tafiya, in wuri bai yi masa ba ya bar shi, ita kuwa inda ta sauka nan za ta ƙare, ko shebur ya zo ba ta da inda za ta. Kifin shi kaɗai yake rayuwarsa. Gansakuka kuwa in ka zare zare ɗaya ka ajiye shi daban, nan da nan ya bushe, sai sun cunkushe wuri ɗaya suke riƙe wa juna laima. Da na zo nan na ajiye biro. Tun zuwana nake ɗaukar kaina ɗan'uwan kifin, ashe ba haka ba ne. Ni zaren nan ne da aka zare daga cikin 'yan'uwansa.

Wata rana Malama Hildur ta tambaye ni inda na kai abin da na kankare. Na ce yana gindin shinge, ƙanƙara ta rufe shi. Ta ce in tono ɗan kaɗan in kawo. Na kawo shi a takarda, ya kwana biyu a kusa da injin ɗumi har ya bushe ƙamas, yana marmashewa. Ta aza shi a ƙarƙashin madubin ƙara girma, ta ɗiga masa ruwa, ta ce in duba. A gaban idona ganyen suka miƙe suka buɗe, kore ya dawo musu. Na ce, “Gaiwa!” Ta ce me? Na ce wani kifi ne a wajenmu da ke shiga laka ya bushe da rani, in ruwa ya zo ya farfaɗo. Ta ce to ga gaiwar dutse.

Na tono sauran duka, na shimfiɗa a faranti biyu na tashar, na ajiye a tagar ɗakina ina fesa musu ruwa. Malama ta ce in aka marmasa aka shafa a dutsen da bazara, wani zai kama, ko da yake kafin ya rufe kamar da, sai an yi shekaru masu yawa. Raina ya so in je in shafa a ɓoye. Amma na riga na koyi abu ɗaya a gidan nan, ba zan sake yi wa mutum alherin da bai tambaya ba.

Na gabatar da aikina, aka tafa, aka ba ni takarda. Saura kwana biyu in tafi, na sauko da farantan, na tsaya a ƙofar kicin na yi sallama irin tamu, don ban san wata ba. Wannan karon ya buɗe. Ya dubi farantan, ya dube ni, ya koma ya zauna ya bar ƙofar a buɗe. Na shiga na ajiye su a kan tebur, na yi masa bayani, ina haɗa Turanci da hannu. Na ce ba su mutu ba, in ya yarda zan mayar kafin in tafi, ko in bar masa ya sa wani.

Ya taɓa gansakukar da bayan yatsansa. Ya ce, “Ka san me ya sa muka bar ta ta hau?”

Na ce ban sani ba, Baba.

Ya ce, “Ba a kawo mana gawa ba, saboda haka matata ba ta yarda ya mutu ba. Kowace safiya tana taga. Da ta fara gajiya sai ta ce, ranar da gansakuka ta rufe sunan, ranar za mu daina jira. Ta mutu saura harafi biyu. Ni na ga ya rufe. Na daina jira, na fara barci. Sai ka zo.”

Ban iya ɗaga kai ba.

Ya ce, “Yanzu kowace safiya ni ke taga. Na san wauta ce. Amma sunan yana nan sabo kamar jiya aka sassaƙa, kuma ƙafafuna su ke kai ni.”

Na ce, “To a mayar, Baba, ko Allah zai sa ta kama.”

Ya ce, “A'a. Wadda ta rufe da kanta daban, wadda aka manna daban. Kuma ko ta kama, ba ni zan gani ba.”

Na sauka daga kujera na durƙusa a kan daɓen kicin. Na ce masa a wajenmu mutum ba ya rabuwa da mutum da laifi a tsakaninsu, domin ba wanda ya san wanda zai riga wani. Na ce mahaifina ya hana ni komawa gida sai da yafiyarsa. Na ce, “Don Allah, Baba, ka yafe mini.”

Ya daɗe yana kallona. Ya ce, “Na san ba da mugunta ka yi ba. Tun ranar na sani. Amma abin da kake so in faɗa, na duba cikina ban same shi ba tukuna, kuma na tsufa da yin ƙarya. Tashi ka zauna.”

Na zauna.  Da zan hau sama ya yagi gefen wata takarda, ya rubuta lambar wayar gidan, ya tura mini a kan tebur.

Na iso Goronyo da zafin bazara, aka yi ta zuwa sannu da zuwa, kowa yana son labarin ƙanƙara da kifi mai shekaru ɗaruruwa. Da mutane suka watse, mahaifina ya kira ni inda yake zaune da komarsa.

Ya ce, “Ka roƙe shi?”

Na ce na roƙa.

“Mi yac ce?”

Na ce ya ce bai samu ba tukuna.

Ya ci gaba da ɗinkinsa, bai dube ni ba. Ya ce, “Mutumen kirki na, tunda bai yi ma ƙarya ba. To ba ka ƙare ba. Ka ci gaba da bi.”

Shi ya sa duk Juma'a in an sauko daga masallaci, nakan hau babur in je kan madatsar ruwa inda waya ta fi kamawa, in kira Yon. Wayar takan daɗe tana ƙara, don yanzu da sanda yake tafiya. In ya ɗauka sai ya gaya mini yadda iska take da yadda teku ya kwana, ya tambaye ni ko an samu kifi a wajenmu. Ni kuma in ce an samu, ko ba a samu ba. Daga nan sai in ce, “Baba, maganar nan fa?” Sai ya ce, “Ba yau ba, Altine.” Ya ajiye.

Shekara ta uku ke nan. Muryarsa tana ƙara yin ƙasa, kuma duk sanda ƙarar ta yi tsawo sai gabana ya faɗi. Har yau bai ce ya yafe ba, amma bai taɓa ƙin ɗauka ba.